Saki da Riƙon Yara: Abin da Shari'a Ta Shimfiɗa da Abin da Al'ada Ta Karkatar

Da sunan Allah nake farawa, Mai yalwar rahama, Mai jin ƙan muminai. Godiya ta tabbata gare Shi, wanda Ya halatta aure Ya ƙarfafa alkawarinsa, Ya kuma bar ƙofar rabuwa a buɗe domin kada a tilasta wa bayinSa zaman cuta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda mata suka kai masa kukansu ya saurara, maza suka kai nasu ya yi adalci, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, ka sani akwai wani babi na fiƙihu da muke aiki da shi kullum alhali ƙalilan ne a cikinmu suka karanta shi. Yaro a ƙasar Hausa yakan fara da Ahalari, ya wuce Ishmawi, ya taɓa Iziyya, ya ƙware a kan alwala da taimama da ƙabli da ba'adi. Kafin ya kai babin aure da saki a cikin Risala, kasuwa ta ɗauke shi, ko kuwa an riga an yi masa auren. Shi ya sa za ka ga magidancin da ba zai tayar da salla yana shakkar alwalarsa ba, amma ya tsinke igiya uku a dare ɗaya bai tambayi kowa ba, gari na wayewa ya ce matar ta fita, ranar yaye kuma ya aika a karɓo masa ɗansa, kuma a ransa bai ga inda ya saɓa wa Allah ba.

Abin da nake son tabbatarwa shi ne, Shari'a ta yi wa saki hanya mai matakai da lokaci da shaidu, ta kuma raba lamarin yaro gida biyu: reno ga uwa da danginta mata, ciyarwa da tarbiyya ga uba. Al'adarmu ta zo ta tattara wa namiji abin da aka ba shi da abin da ba a ba shi ba, ta sauke masa abin da aka ɗora masa. Zan bi mazhabar Imamu Malik, wadda kotunanmu ke hukunci da ita, kamar yadda take a Muwaɗɗa da Mudawwana, da Risalar Ibn Abi Zaid wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, da Muhtasar na Shaihu Halil, da Tuhfatul Hukkami ta Ibn Asim, da As'halul Madariki na malaminmu Bakatsine, Abubakar ɗan Hasan.

Fasali na ɗaya: sulhu kafin rabuwa

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Shari'a ta san da wannan, don haka ba ta sanya saki a matakin farko ba. Aya ta 34 a Suratun Nisa'i ta jero abin da miji zai bi a cikin ɗakinsa idan ya ga bijirewa, ta fara da nasiha. Aya ta 128 ta juyo ga matar da ke tsoron ƙyama ko juya baya daga mijinta, ta kwaɗaitar da su biyun ga sulhu. Idan abin ya fi ƙarfin ɗaki, aya ta 35 ta yi umarni a tayar da masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta.

A nan Malikiyya suna da magana mai ƙarfi. A wurinsu waɗannan mutum biyu matsayin alƙalai suke. Idan sun bincika suka ga gyara zai yiwu, su gyara. Idan suka ga zaman ya mutu, suna da ikon raba auren da saki ɗaya ko da mijin bai wakilta su ba. In laifin na miji ne su raba ba tare da ta biya komai ba, in nata ne su raba a kan wani abu da za ta mayar. Sharaɗinsu su zama maza adalai masu hankali, masu sanin hukuncin abin da aka sa su.

Muna da tushen wannan a gargajiyance. Idan mace ta yi yaji akan je biko, waliyyai su zauna, in ta faskara a kai wa liman ko mai unguwa, a wasu jihohi kuma a je ofishin Hisba. Illar da ke cikin zamanmu ita ce sau da yawa kalma ɗaya ake maimaita wa mace: ki yi haƙuri. Haƙuri ibada ne, amma mai sulhun da bai tambayi mijin ina cefane, ina tufafi, me ya kawo duka ba, ya rufe ciwo ne bai wanke shi ba.

Fasali na biyu: saki na sunna da saki na bidi'a

Idan sulhu ya gagara, saki halal ne, kuma yana hannun miji. Sai dai an ɗaure shi da sharuɗɗa. Saki na sunna shi ne ya sake ta saki ɗaya, tana cikin tsarkin da bai kusance ta a cikinsa ba, kuma kada ya bi ta da wani sakin har iddarta ta cika.

Asalin wannan shi ne ƙissar Abdullahi ɗan Umar, wadda Malik da Buhari da Muslim suka ruwaito. Ya saki matarsa tana haila, mahaifinsa ya kai maganar ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Annabi ya yi umarni ya mayar da ita, ya riƙe ta har ta yi tsarki, ta sake yin haila, ta sake yin tsarki, sannan in ya so ya ci gaba da zama, in ya so ya sake ta kafin ya taɓa ta. Daga nan Malikiyya suka ce sakin cikin haila ya auku kuma an lissafa shi, amma mai yin sa ya yi zunubi, kuma alƙali zai tilasta masa kome. Ka lura da hikimar. Mutumin da fushi ya ɗebe shi da daddare, aka ce masa sai ya jira makonni kafin ya furta, mafi yawan lokuta kafin ranar ta zo zuciya ta sauka.

Igiyar aure uku ce. Aya ta 229 a Suratul Baƙara ta nuna sakin da ake kome a bayansa sau biyu ne, aya ta 230 kuma ta rufe ƙofa bayan na uku har sai ta auri wani mijin aure na gaskiya, ya tare da ita, sannan ya rabu da ita don kansa ko ya rasu. Wanda ya tattara ukun a kalma ɗaya ya yi bidi'a, kuma mazhabobin nan huɗu sun tafi a kan ukun sun auku. Ibn Taimiyya ya ce ɗaya ne, dokar Masar ta 1929 ma ta ɗauki wannan ra'ayi, wasu malamanmu na yau kuma suna fatawa da shi. Amma mai hankali ba ya jefa iyalinsa cikin saɓanin malamai, ya wayi gari yana yawo zaure zaure yana neman wanda zai ce masa ɗaya ne. Auren kisan wuta kuwa, wato a nemo wani ya aure ta na kwana biyu don ta halatta ga na farko, ɓatacce ne a wurin Malik, ba ya halatta ta, kuma hadisi ya la'anci mai yi da wanda aka yi dominsa.

Saki yana aukuwa da furuci bayyananne ko da wasa aka yi shi. Yana aukuwa da rubutu idan an rubuta da ƙudurin saki, takarda ce ko saƙon waya. Sakin mahaukaci da na wanda aka tilasta ba ya aukuwa. Wanda ya sha abin maye da gangan, mashhurin mazhaba shi ne sakinsa ya auku. Fushi ba uzuri ba ne sai in ya kai ga gushewar hankali, domin ba a saba ganin mai sakin mata yana dariya ba. Wanda kuma ya saki matarsa yana cikin ciwon ajali don ya hana ta gado, dabararsa ba ta ci ba: Halifa Usmanu ɗan Affan ya gadar da matar Abdurrahman ɗan Aufu bayan iddarta ta cika, kuma a kan haka Malik ya tsaya.

Fasali na uku: idda da ɗakin idda

Idda ga mai haila tsarki uku ne a wurin Malik. Ga wadda ta daina haila wata uku ne, ga mai ciki kuwa har ta haihu. Wadda aka saka kafin a tare ba ta da idda, kuma tana da rabin sadakin da aka yanka. A sakin kome, wato na ɗaya da na biyu, matar tana nan a matsayin matarsa har idda ta cika: ci da sha da tufafi da wurin kwana suna kansa, in ɗayansu ya rasu ɗayan ya gaje shi, kuma yana iya mayar da ita ba sabon sadaki, an so ya kafa shaidu. A sakin da ba kome, tana da wurin zama har ƙarshen idda, in tana da ciki kuma a ƙara mata da ciyarwa har ta sauka. An kuma so ya yi mata kyautar sallama gwargwadon ƙarfinsa, wadda malamai ke kira mut'a.

Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana miji fitar da ita daga ɗakinta, ta kuma hana ta fita, sai in an zo da alfasha bayyananniya. Ayar da kanta ta nuna dalili: ba a san abin da Allah zai farar a bayan sakin ba. Malamai sun ce zaman idda a gidan miji haƙƙin Allah ne, ko su biyun sun yarda su yafe shi bai yafu ba.

To dubi yadda muke yi. Ya yagi takarda daga littafin makarantar ɗansa, ya rubuta layi biyu, ba kwanan wata, ba shaida, ya ba almajirin gida ya miƙa mata. Kafin azahar an kira a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Yayyenta da ƙannenta mata sun zo, wannan tana kwance gado, wannan tana naɗe leda, waccan tana cusa kwanuka a buhu, maƙwabta suna leƙe ta katanga. Mahaifinta a can yana cewa, "Ta taho gida, ai ba daga sama ta faɗo ba." Mijin ya saɓa da ya kore ta, iyayenta sun saɓa da suka kwashe ta, kuma a wuni ɗaya an rushe damar wata uku da Allah Ya ajiye domin kome. Daga ranar kuma ba ƙwayar hatsi da za ta biyo ta, ko da kuwa ciki gare ta.

Fasali na huɗu: ƙofofin da aka buɗe wa mace

Mace ba ta da furucin saki, amma ba a kulle ta ba. Ƙofa ta farko ita ce hul'i, wato ta fanshi kanta. Matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta je wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce ba ta zargin mijinta a addini ko hali, ita dai ba za ta iya zama da shi ba. Ya tambaye ta ko za ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki, ta amsa, aka raba su a kan haka. Hul'i saki ne wanda ba kome a cikinsa sai da sabon ɗaurin aure da yardarta. Ya halatta a yi shi a kan sadaki ko ƙasa da shi ko sama da shi, sai dai mutumin kirki ba ya zuwa da dogon lissafi har da kuɗin zance da goron sallar bara. Kuma ga hukuncin da mata da yawa ba su sani ba: idan ta tabbata cutar da ita ya yi har ta gaji ta fanshi kanta, sakin ya tabbata, dukiyar kuma sai ya dawo mata da ita.

Ƙofa ta biyu ita ce alƙali ya raba auren, kuma mazhabar Malik ta fi sauran yalwa a nan. Idan miji ya kasa ciyarwa, alƙali zai ba shi wa'adi gwargwadon abin da ya gani, in bai kawo ba ya sake ta a kansa. Idan yana cutar da ita da duka ko zagi, ko zagin iyayenta, ko ƙaurace mata ba dalili, tana da haƙƙin a raba su ko da ba a tabbatar ya maimaita ba, kuma ana karɓar shaidar abin da ya bazu a bakin maƙwabta. Idan ya rantse ba zai kusance ta ba, wa'adinsa wata huɗu ne kamar yadda aya ta 226 a Baƙara ta yanka. Idan ya ɓace ba a san inda yake ba, za a bincika, a sanya mata shekara 4 daga ranar da ta kai ƙara bisa hukuncin Halifa Umar, matuƙar ya bar abin ciyar da ita. In bai bari ba, ƙofar rashin ciyarwa ta fi kusa. Haka nan akwai zaɓi saboda aibi kamar hauka da kuturta da rashin iya kusantar iyali, wanda ake ba mai shi shekara guda ya nemi magani.

Fasali na biyar: a gaban alƙali

A Nijeriya, sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ikon duba al'amuran aure da mutuwarsa da dangantaka da walicin yara da gado tsakanin Musulmi. Ƙara takan fara ne daga ƙaramar Kotun Shari'a a jihohin da suka bi sawun Zamfara tun daga shekarar 2000, ko Kotun Yanki a wurare irin su Abuja. Wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka zuwa babbar kotu, daga nan zuwa gaban Alƙalin Alƙalai da abokan zamansa, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya da Kotun Ƙoli. Waɗanda suka yi auren rajista kuwa hanyarsu daban ce, dokar aure ta 1970 ce ke kansu kuma Babbar Kotu ce ke raba su.

Tsarin shari'ar sananne ne a littattafanmu. Mai ƙara ya faɗi da'awarsa a fili, a aika sammaci, wanda ake ƙara ya amsa ko ya musa. Hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan mai musu. Kafin yanke hukunci wajibi ne alƙali ya yi i'izari, wato ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja ko suka ga shaidu, kuma rashin yin sa kaɗai ya isa kotun sama ta rushe hukunci. Saki yana aukuwa ko ba a je kotu ba, amma mai hankali ya rubuta shi da kwanan wata da adadi da shaidu biyu adalai, domin rigimar "ɗaya na yi" da "uku ka yi" ta cinye zaman kotu mai yawa.

Wasu ƙasashen Malikiyya sun ƙara ɗaure lamarin. Dokar iyali ta Maroko ta 2004 ta wajabta wa mai son saki ya nemi izinin kotu, a gwada sulhu, sannan ya ajiye haƙƙin matar da na yara a kotu kafin a rubuta sakin. A Kano ma, a 2017, Sarki Muhammadu Sanusi II ya yi kira a tsara dokar iyali bisa fiƙihu. Tun 2012 gwamnatin jihar ke aurar da zawarawa ta hannun Hisba, aiki ne na alheri, amma toshe ɓarakar da ke samar da zawarcin ya fi gaggawa.

Fasali na shida: wa ya fi cancanta da riƙon yaro

Nan ne al'ada ta fi nisa da littafi. Abin da kowa ya tashi da shi shi ne ɗa na uba ne, da an yaye shi sai a miƙa. Gaskiya ne ɗa na uba ne wajen nasaba da suna da gado da walicci. Amma reno, wanda malamai ke kira hadana, wato kwanan yaro da wankansa da abincinsa da jinyarsa, wannan na uwa ne.

Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru cewa wata mata ta zo ta ambaci cikin da ta ɗauka da nonon da ta shayar da cinyar da ta rena ɗanta a kai, ta ce uban ya sake ta kuma yana son ƙwace shi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. Malik kuma ya kawo a Muwaɗɗa cewa Umar ɗan Haɗɗabi ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya, uwar ɗansa Asim. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a farfajiyar masallaci, ya kama damtsensa ya ɗora shi a kan dabbarsa. Kakar yaron ta wajen uwa ta cim masa, suka yi jayayya har gaban Halifa Abubakar. Abubakar ya ce ya sakar mata yaron, Umar kuwa bai ƙara ko kalma ba. Umar ke nan, wanda ake shakkar haɗa hanya da shi, ya sunkuyar da kai ga hukuncin da ya ba tsohuwa gaskiya a kansa. Asim ɗin nan da ya tashi a hannun dangin uwarsa shi ne kakan Umar ɗan Abdul'aziz ta wajen uwa. Haka nan a shekara ta 7 bayan Hijira, da Aliyu da Ja'afar da Zaidu suka yi jayayya a kan riƙon 'yar Hamza, Annabi ya ba Ja'afar saboda matarsa 'yar'uwar mahaifiyar yarinyar ce, ya ajiye 'yar'uwar uwa a matsayin uwa.

A kan waɗannan Malikiyya suka gina jerinsu. Uwa ce farko. In ta faɗi, sai mahaifiyarta, sai kakarta, sai yayar uwa ko ƙanwarta, sai 'yar'uwar kaka, sai kakar yaro ta wajen uba. Bayan an wuce waɗannan mata duka sannan a zo kan uba, bayansa 'yar'uwar yaron, sai gwaggonsa. Ko an zo kan namiji, sharaɗi ne ya kasance yana da macen da za ta kula da yaron.

Wa'adin riƙon ma a mazhabarmu ya fi na kowa tsawo. Hanafiyya sun tsaya a wajen shekara 7 ga namiji, 9 ga mace. Shafi'iyya sun ce idan yaro ya yi wayo a ba shi zaɓi. Malik ya ce namiji yana wurin uwarsa har ya balaga, mace kuma har a yi mata aure mijinta ya tare da ita. Karɓe yaro ranar yaye ba shi da madogara a ɗaya daga cikin mazhabobin nan.

Ba a ba uwa wannan haƙƙi sakaka ba, domin maslahar yaro ake nema. Dole mai riƙo ta kasance mai hankali, mai iko da hidimar, mai amana a addini da dukiya, marar cuta mai yaɗuwa, kuma gidanta ya zama wurin tsaro, musamman ga yarinyar da ta fara girma. Idan ta auri wanda ba muharramin yaron ba kuma ya tare da ita, riƙo ya bar hannunta ya koma ga ta gaba a jeri, wato kaka, da sharaɗin ba gida ɗaya suke zaune ba. Amma in baffan yaron ta aura, ko jariri ya ƙi kowane nono sai nata, ko mai haƙƙi na gaba ya san da auren ya yi shiru har shekara ba uzuri, riƙonta yana nan. Idan kuma uba zai ƙaura ƙaura ta zama zuwa gari mai nisan baridi 6, kimanin mil 72, kuma hanya da garin suna da aminci, yana da ikon tafiya da ɗansa, sai in uwar ta yarda ta koma can ita ma.

Fasali na bakwai: abin da ke kan uba da abin da yake nasa

Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ci da tufafin mai shayarwa a kan uba, ta sanya cikar shayarwa shekara 2, ta kuma hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta ko uba ta hanyar ɗansa. Matar da iddarta ta cika tana da ikon neman ladan shayarwa. Ciyar da namiji yana kan uba har ya balaga yana iya nema, mace kuma har ta tare a ɗakin mijinta. Mai riƙo ce ke karɓar kuɗin, kuma ba shi da ikon cewa a turo yaron ya ci a gidansa. A mazhabar Malik ba a wajabta wa uwa ciyar da ɗa daga dukiyarta ba ko da tana da hali. In ta yi, alheri ta yi.

Wanda ya saba zama a bencin kotu ya san irin wannan zance. Mace ta miƙe ta ce, "Allah ya gafarta Malam, tun ranar yaye ya aiko aka ɗauke mini yarinya, rabona da ita tun kafin azumi." Alƙali ya juya: "Malam, ka ji. Me za ka ce?" Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, 'yata ce, ni na yanka mata ragon suna." "Uwar ta yi aure?" "Ba ta yi ba." "Kana da shaidar rashin amana ko rashin hankali a kanta?" Shiru. "Yanzu yarinyar tana hannun wa?" "Tana wajen amaryata." Alƙali ya yi i'izari, ya hukunta a mayar da yarinya, ya yanka abin da zai riƙa bayarwa duk wata. A bakin ƙofa sai ka ji yana cewa, "In dai a hannunta take, ko sisina ba za ta gani ba." Wannan kalma ita ke tona asirin rigimar. Wanda ke son ɗansa yana ciyar da shi duk inda yake kwana.

Uba ma yana da nasa haƙƙin, kuma mata da danginsu suna tauye shi. Shi ne waliyyi, shi ke zaɓar makaranta, shi ke duba tarbiyya, yana da ikon ganin ɗansa da ɗaukarsa da rana, yaron ya koma ya kwana wurin uwarsa. Uwar da ke ɓoye yaro idan uban ya zo, ko take cusa masa ƙin mahaifinsa, ta ci amanar da aka ba ta riƙo dominta. Haka wadda ta karɓi kuɗin ciyarwa ta zuba a adashi ta ɗora wa yarinya tallan goro. Haka sabon mijin da ya ga mace da ɗanta ya aura, daga baya ya ce shi ba ya riƙon agola. Akwai matan uba masu tsoron Allah da suka rena 'ya'yan kishiya kamar nasu, Allah Ya saka musu. Amma yaran da ke gararamba a tasha da bakin kasuwa, da yawansu iyayensu biyu suna raye, rabuwa ce ta bar su ba mai tambayar inda suka kwana.

Kammalawa

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albabi, ya zargi malaman zamaninsa da barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da ɗalibai a waje. Zargin bai tsufa ba. Macen da ba ta san tana da ɗakin idda da riƙon ɗanta ba, ba za ta nema ba, namijin da bai san an hana shi ba kuma ba zai bari ba.

Don haka ina kira ga malamai su karantar da babin saki da idda da hadana a masallatai da makarantun Islamiyya kamar yadda suke karantar da babin tsarki, limamai kuma su faɗe shi a wurin ɗaurin aure tun kafin a raba goro. Ina kira ga alƙalai, duk ranar da suka tabbatar da saki su yanke maganar riƙo da ciyarwa da ziyara a zama ɗaya, su riƙa sabunta adadin idan farashi ya tashi, su kuma bi hukuncinsu har ya zartu, domin matar da ba ta da kuɗin mota ba za ta iya sintirin kotu duk wata ba. Ina kira ga iyayen mata su bar 'yarsu ta cika idda a ɗakinta matuƙar ba a tsoron cuta a kanta. Ke kuma 'yar'uwa, ki nemi haƙƙinki ta hanyarsa, kada ki raba ɗa da ubansa.

Kai kuma magidanci, in zama ya ƙi, ka saki ɗaya, a cikin tsarki, gaban shaidu. Ka bar ta a ɗakinta, ka ciyar da ita har ta gama idda, ka sallame ta da kyauta. Ka bar yaro wurin uwarsa, ka kai masa abincinsa da kuɗin makarantarsa da na magani ba sai an yi maka sammaci ba. Za a tambaye ka a kansa ranar da ba lauya ba ɗaukaka ƙara.

Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya shirya mana zuriya, Ya ba alƙalanmu ikon yin adalci. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuma Shi ne Mafi sani.